Shekarar da Maza Suka Ɓoye Cikinsu

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Da na tsallake shi kamar yadda na tsallake wasu abubuwan da ba za su amfane ku ba, sai ga shi a wajen sunan jikar Baffanku Audu na ji wata mata, wadda ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai kakan jaririyar yana cikin mutanen da suka tayar da tarzomar Kano, shi ya sa hukuma ta ɗauke shi. Tana faɗa tana cin waina, hankalinta kwance. Ban tanka mata ba, don ba na son in ɓata wa mai jego rana. Saboda haka ku saurara, ku da 'ya'yan Audu duka, ku ji daga bakin wadda aka yi a gabanta.

A lokacin muna ƙauye, can gefen Batsari ta hanyar Yasore, gida ɗaya da kakarku Inna da 'ya'yanta maza biyu. Baffanku Audu shi ne babba, da matarsa Rabi da yaransu, sai babanku Sale da ni, ina goyon Bilki. Zamanin kuɗin mai ne, kowa ya ji labarin ana sharar kuɗi a birni, don haka da an gama kai gero rumbu sai samari su watse cin rani. Babanku Kano yake zuwa yana garuwa, ya dawo gab da damina da turmin atamfa da sabulu mai ƙamshi, yana ta wani yauƙi kamar shi ya gina birnin. Audu kuwa ko da wasa bai taɓa marmarin tafiya ba. Iyakarsa kasuwar Batsari, Safana ma sai in ta kama dole. Allah ya yi shi da tsoro, kuma duk garin an sani. Kare in ya yi haushi a bayan gari, Audu sai ya sake hanya. Mota in ta tsaya kusa da shi sai ya ja da baya. Sa'o'insa suna tsokanarsa, shi ma ya taya su dariya. Ni dai ba na yi a gabansa, wan miji ne, amma ba zan ɓoye muku ba, a madafa ni da Rabi mun sha yi.

Labarin tarzomar a rediyon mai gari aka fara jin sa. Wai mabiyan wani malami sun yi fito-na-fito da hukuma a Kano, an kashe mutane ba adadi, har sai da aka kawo soja. Ana cikin wannan zullumi babanku ya faɗo gida, ba garwa, ba tsaraba, takalminsa ma ƙafa ɗaya. Shi ba abin da ya haɗa shi da su sai dai unguwar da yake sayar da ruwa tana maƙwabtaka da tasu. Ya ga abin da ya gani, ya gudo. Muka yi hamdala, muka ɗauka shi ke nan. Ashe waɗanda suka tsere daga cikin mutanen malamin sun bazu ƙauyuka, an kuma ba da umarni a nemo su duk inda suke. Sai magana ta fara yawo cewa ana gane su da wata alama da ake yi musu a ciki. Ba wanda ya taɓa ganin alamar, amma kowa ya zama masaninta. Wani ya ce rubutu ne, wani ya ce zane ne, wani ya rantse da Allah ƙanen matarsa ya gani da idonsa.

Yanzu ga inda ƙaddara ta shigo. Tun su babanku suna yara an yi wata shekara ta zazzaɓi mai kumbura saifa, cikin yaro ya yi tulele ya taurare ta gefen hagu. Maganin da aka sani a lokacin shi ne tsaga. Wanzamin garinmu, Nomau, shi ya bi yaran gida-gida da askarsa yana yi musu 'yan gajerun tsage a ƙasan haƙarƙari, jeri bisa jeri, ya shafe da magani. Kowane wanzami da hannunsa, shi kuwa Nomau in ya gama sai ya rufe da wasu tsage uku masu kama da sawun kaza. Kusan duk namijin da ya tashi a garinmu a wannan tsakanin yana ɗauke da ita. Abu ne da ba wanda yake ko kallo. A gona kowa tsirara yake daga ƙugu zuwa sama, ga ta nan a fili.

Ranar kasuwar Batsari babanku ya fita sayen gishiri da kananzir. Da azahar ina tankaɗe sai ga Hari, wata Bafillatana da take kawo mana nono, ta shigo ba sallama, ƙwaryarta a hannu ba faifai.

"Ina Inna? Ku hito, an tahi da Sale!"

Inna ta fito daga ɗaki tana gyara ɗaurin zane. "Wa ya tahi da shi? Ina anka kai shi?"

"'Yan sanda, ba na nan ba ne, baƙi ne cikin babbar mota. Sunka zagaye kasuwa sunka ce duk wanda ya dawo daga Kano shi hito. Wani ya nuna shi. Sunka ce shi ɗaga riga, da ya ɗaga sai ɗaya ya yi ihu ya ce ga alama. Wallahi Inna tun kahin shi buɗe baki anka sa mai gindin bindiga."

Rariyar da ke hannuna ban san lokacin da ta faɗi ba. Abin da na fi tunawa shi ne Bilki ta fara kuka a bayana, na kasa ko jijjiga ta.

Daga ranar tsoro ya sauka a garinmu, irin wanda ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba sai a 'yan shekarun nan. Maza suka daina tuɓe riga. Mutum yana haƙar rijiya ko yana yaɓen ɗaki, gumi yana zuba, amma riga tana jikinsa har da ta ciki. Aka ƙaurace wa kasuwa. In aka ji ƙugin mota daga nesa sai ka ga magidanta da gemunsu suna tsallake danga suna faɗawa cikin karan dawa. Wani maƙwabcinmu ya sa lauje a wuta ya ɗora a kan tasa tsagar don ya ɓatar da ita, ciwon ya ruɓe, ya kusa tafiya da shi. Nomau, wanda tsufa ya riga ya kama, ya binne zabirarsa a bayan ɗaki. Da Inna ta je ta roƙe shi ya bi mu ya shaida cewa aikin hannunsa ne, sai ya ce shi fa aski kawai ya sani, bai taɓa yi wa kowa tsaga ba. Mutumin da ya cire wa rabin garin beli! Na daɗe ina jin haushinsa. Mai gari kuma ya ce mu yi haƙuri mu yi ta addu'a, abin ya fi ƙarfin rawaninsa.

Inna ba ta iya zama ba. Ta dama fura, ta ƙulla ƙuli-ƙuli, ta ce in goya Bilki mu tafi. Muka hau akori-kura zuwa birni, muna tambaya ana nuna mana, har muka isa inda ake tsare da su. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, a waje ga mata da tsofaffi zaune cikin rana, kowa da ƙullin abincinsa, ba mai magana da wani, don kowa yana tsoron a ce ya san ɗan'uwan wani. Tun daga bakin ƙofa wari yake tarar mutum. Jifa-jifa kuma sai a ji ihu daga ciki, ihun babban mutum, sai a ga kowace mace ta sunkuyar da kai tana kasa kunne ko muryar nata ce. Aka karɓi furarmu aka ce za a kai masa. Ina kallo ta tsakanin ƙarafan ƙofa wasu biyu suka zauna a kan benci suka shanye ta, har ɗaya yana cewa ta yi tsami.

Can da la'asar aka fito da mutum huɗu ɗauke da bokitan bayan gida. Na uku a cikinsu babanku ne. Da ƙyar na gane shi. Yana taka gefen ƙafa saboda tafin ya kumbura, rigar da ya fita da ita ta koma tsumma, ido ɗaya a rufe. Na miƙe, bakina ya buɗe, ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Wannan kawar da kan ya fi komai yi mini ciwo, na yi ta kuka a hanya. Sai daga baya na san dalili: tsoro yake kada a gane matarsa ce a haɗa da ni.

Ba a kai shi gaban alƙali ba. Ba wanda ya gaya mana laifinsa, ba wanda ya ce ga ranar da za a saurare shi. Shekaru bayan haka, da ɗan'uwanku Nura ya yi karatu, yake gaya mini wai ko a lokacin doka ta hana a tsare mutum haka ba shari'a, ta hana a doke shi don ya amsa laifi, ko da kuwa kisa ake zarginsa da shi. Na ce masa to ita dokar a wane ɗaki aka kulle ta ranar, don ni ban gan ta a bakin ƙofar nan ba. Ni ban ce kada a kama masu laifi ba. Mutanen can sun kashe bayin Allah, babanku ma ya ga gawarwaki. Amma a tambayi mutum mana, a saurari amsarsa.

Muna shirin tashi wani kofur mai furfura, wanda ya ga Inna tun safe a zaune, ya matso kamar zai kore mu, ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwa, kin ce wanzami ne ya yi masa?"

"Wanzami ne, ɗana. Saifa ce, tun shina yaro."

"To baki ba zai fisshe shi ba. In akwai wani mai irin tsagar nan sak, wanda bai taɓa taka Kano ba, ku kawo shi sufeto ya gani da idonsa. Wataƙila a dace."

Har yau ina kyautata masa zato. Ina jin da zuciya ɗaya ya faɗa.

Da muka dawo Inna ta bi gari gida-gida. Maza fiye da a ƙirga suna da tsagar nan, cikinsu har da abokan babanku da suke cin tuwo a kwano ɗaya. Wani ya ce ba ya nan alhali muna jin tarinsa a ɗaki. Wani ya fito ya ce, "Inna, ni ma ina da 'ya'ya." Ba ta yi wa kowa baki ba, sai ta ce Allah ya raya su, ta wuce gaba. Ni ce nake ta huci a bayanta.

Akwai mutum ɗaya da ba ta tambaya ba, kuma duk gidan mun san da shi. Audu ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in tana da saƙo sai ta ba Rabi ko ta faɗa wa bango ya ji. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Wata safiya da hantsi yana zaune a gindin rumbu yana gyaran igiya, sai muka ga ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gabansa ta zauna. Ni da Rabi muna daka, taɓaren suka tsaya da kansu.

"Ƙanenka zai mutu a wurin can," in ji ta. "Na gan shi. Ba ya kai damina."

Audu bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza igiyarsa.

"Na bi gari duka, ba wanda zai tahi. Ban da wanda zan sa dole sai wanda na haifa."

Rabi ta yar da taɓarya. "Haba Inna! In sunka riƙe shi hwa? Wanga bawan Allah da ko kare tsoro shikai? Ɗaya ya tahi, sai ki miƙa musu na biyu da hannunki?"

"Na sani, Rabi. Duk abin da kika hwaɗi na riga ki tuna shi."

Mijina ake son cetowa da mijinta. Ina son Audu ya je, ina kuma jin tsoron ya je. Sannan Audu ya ajiye igiyar, ya ce da wata 'yar siririyar murya:

"Inna, wallahi tsoro nikai."

"Ni ma haka," in ji ta.

"To. Rabi, ɗauko mini rigata ta Juma'a."

A mota bai yi magana ba, sai leɓensa da yake motsi. Sau biyu ana tsayawa yana sauka ya yi amai. Da muka isa kofur ɗin nan ya shigar da mu wani ofis mai fanka, sufeto yana zaune bayan tebur yana cin gyaɗa. Saurayi ne, bai fi sa'ar babanku ba, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Inna ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan, tun daga shekarar zazzaɓi har zuwa ranar kasuwa. Ta ce ga wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, bai taɓa wuce Safana ba, a tambayi duk garin. Sannan Audu ya kama bakin rigarsa. Ya kasa ɗagawa a karon farko. Ya sake kamawa ya ɗaga har wuya, ya tsaya a haka, ido a rufe.

Sufeto ya taso ya zagayo, ya sunkuya ya duba, har ya sa ɗan yatsa ya bi sawun kazar nan. Na ce a raina Alhamdu lillahi, ya gane. Sai ya miƙe ya ƙwala wa na waje kira.

"Ku zo ku ga ikon Allah. Ga wani ya kawo kansa."

Inna ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Ranka shi daɗe, shaida ya zo! Ni na kawo shi, ni na sa shi!"

"Mama, an ce mu kama duk mai alama. In na sake shi gobe aka yanka wani, wa za a tambaya? In an bincika ba shi da laifi zai dawo."

Suka riƙe shi ta hannu biyu. Bai yi gardama ba, bai yi ihu ba, jan sa kawai aka yi. Kofur yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Da za a sha kwana da Audu ya waiwayo ya ce, "Inna, a ba jakina ruwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba na son in tuna isowarmu gida. Rabi tana tsaye a ƙofar zaure tun da ta ji mota. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta dubi bayanmu. Ba ta yi kuka a lokacin ba, ta juya ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Daga nan muka shiga wani irin zama. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, gida ba namiji. Mutane suka rage shigowa, masu ɗiban wuta ma suka koma wani gidan, don an ce duk mai hulɗa da mu ana rubuta sunansa. Ni da Rabi muna daka a turmi ɗaya, muna ci a ƙwarya ɗaya, amma sai mu yini maganarmu ba ta wuce miƙo mini ludayi ba. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Muka koma birni ba sau ɗaya ba. Wata rana a ce an mayar da su wani wuri, wata rana a ce babu masu irin wannan suna. Kofur ɗin ma ba mu sake ganinsa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai gabana ya faɗi, ban san ko miji ta kawo mini ba, ko gawa, ko kuwa mu aka zo ɗauka. Inna ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu, amma kullum da safe ita take ba jakin nan ruwa da hannunta.

Bayan ruwan farko, ana shirin shuka, wata rana da yamma muka ji sallama a zaure da muryar da muka sani amma ta dushe. Babanku ne, yana dogara sanda, kansa duk ƙuraje. Haka kawai aka kira su wata safiya, su da yawa, aka zuba a mota aka sauke a tasha aka ce kowa ya kama gabansa. Ba shari'a, ba bayani, ba ko sannu. Na tashi zan tare shi, sai na ga Rabi ta fito ta tsaya, Inna ma ta fito, duk su biyun ba shi suke kallo ba, zauren suke kallo. Sai na koma na zauna.

Ya durƙusa a gaban Inna. Ya ce ɗaki ɗaya aka sa su shi da Audu, ɗakin da bai fi na Inna ba, mutane a cushe ba wurin miƙe ƙafa. Da zafi ya tsananta numfashi ya zama wahala, sai suka tsara a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya samu ɗan lokaci ya kwanta ya sa hanci a ƙasan ƙofa inda iska take shigowa. Shi a lokacin ƙirjinsa ya riga ya taɓu saboda duka. Duk sa'ad da layi ya zo kan Audu sai ya tura shi, ya ce shi bai jin zafin sosai.

"Na ce mai Yaya, kai ma ka sha iskan. Sai shi ce Inna ce ta aiko shi, in ya koma ba ni mi zai gaya mata. Ran nan da sahe na taɓa shi na ji ya yi sanyi."

Rabi ta sulale ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Yaranta suka zagaye ta, ƙaramin yana jan zanenta.

"Ina anka rufe shi?" in ji Inna.

"Ban sani ba, Inna. Sun zo sunka ja shi waje. Na tambaya, ba wanda ya amsa mini."

Inna ta dubi hannuwanta. Sannan ta ce, "An yi mai sallah?"

"Kahin su buɗe ƙohwa na buga hannu a bango na yi taimama. Ba wurin tsayuwa, a durƙushe na yi mai. Mutum biyu sunka bi ni, ban ko san sunansu ba."

Inna ta gyaɗa kai. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗakinta, ta fito da wani baƙin zane nata a ninke. Ta taka har inda Rabi take zaune, ta durƙusa, ta ajiye mata shi a cinya, don ta fara takaba.